Ihun 'Ya'yan Ƙoshi: Kiɗan Hadko da Fushin Matasan Yamma

A shekarar 1981 wasu samari huɗu a birnin Washinton suka fitar da ƙaramin faifan garmaho mai waƙa takwas, wanda duka-duka tsawonsa bai cika minti goma ba. Ɗaya daga cikin waƙoƙin daƙiƙa 46 ce kacal. Sunan ƙungiyarsu Minor Threat, kuma a lokacin babu wanda ya kai shekara 20 a cikinsu. Wanda kunnensa ya saba da kiɗa mai taushi da amshi, idan aka kunna masa faifan zai ce hayaniya ce kawai: mai ganga na duka babu numfasawa, jita na ƙugi, mawaƙin kuwa ihu yake yi har jijiyoyin wuyansa su tashi. Masu abin suna kiransa hardcore punk, a gajarce hadko. Abu mafi sauƙi ga mai kallo daga nesa shi ne ya ce ga 'ya'yan Turawa nan tarbiyya ta lalace, ya kau da kai. Amma wanda ya daure ya saurari abin da suke faɗa zai tarar cewa yaran nan su ma maganarsu ke nan: tarbiyya ta lalace, kuma manya ne suka lalata ta.

Sai an san 'ya'yan su wane ne kafin a gane fushin nasu. Yawancinsu ba su san kwana da yunwa ba. Mahaifin Ian MacKaye, mawaƙin Minor Threat, ɗan jarida ne a Washington Post. Greg Ginn, wanda ya kafa ƙungiyar Black Flag a Hermosa Beach da ke bakin teku a Kalifoniya, ya karanci tattalin arziki a jami'a. Cincirindon yaran da ke cika wuraren wasa a kudancin Kalifoniya daga sababbin unguwannin gefen birni suke fitowa, irin na yankin Orange County, inda kowane gida ke da mota da talabijin da ciyawa a ƙofa. Waɗannan unguwanni su ne cikar alkawarin da Amurka ta yi wa kanta bayan Yaƙin Duniya na Biyu: ka yi karatu, ka kama aiki, ka sayi gida, ka tara kaya, hankalinka zai kwanta. Iyayen sun cika nasu ɓangaren. 'Ya'yan da suka tashi a cikin gidajen ne suka ga abin da ke bayan labule.

Sun ga yaƙin Biyetnam a talabijin tun suna ƙanana, har aka watse a 1975 babu abin da aka ƙulla sai gawawwaki. Sun ga shugaban ƙasa Nixon ya sauka a 1974 saboda an kama shi da ƙarya. Mutuwar aure a Amurka ta kai ƙololuwarta a daidai wajen 1980, don haka yara da yawa suna dawowa daga makaranta su buɗe gida da makulli su tarar babu kowa. A irin waɗannan unguwanni babu dandali, babu kasuwa da za a taka da ƙafa, babu kaka ko gwaggo a maƙwabta. Sai katon kanti da titin mota. Yayyensu na shekarun 1960, masu dogon gashi da suka yi ta shelar soyayya da zaman lafiya, wasu ƙwaya ta cinye su, wasu sun yi aski sun kama aikin ofis, kiɗansu kuma ya koma hajar manyan kamfanoni da ake sayar da tikitinta a filayen ƙwallo. Wannan na ƙarshen ya fi yi wa ƙannen ciwo, domin ya nuna musu cewa tawaye ma ana iya saye shi.

Daga nan sai siyasa ta ƙara wa wutar fetur. A 1980 gwamnatin Carter ta dawo da rajistar samari don shirin ɗaukar soja. A watan Janairun 1981 Ronald Reagan ya hau mulki, a watan Agusta ya kori ma'aikatan kula da zirga-zirgar jiragen sama sama da 11,000 saboda sun shiga yajin aiki. Zuwa ƙarshen 1982 rashin aiki ya kai kashi 10.8 cikin 100, na 'yan ƙasa da shekara 20 kuwa ya haura kashi 20. A sama da duk wannan ga fargabar yaƙin nukiliya da Tarayyar Sobiyet, wadda a wancan lokacin ba almara ba ce. Yaro ɗan shekara 16 ana ce masa ya yi biyayya ya tanadi gobe, shi kuma bai tabbata akwai goben ba.

Kiɗan pank na farko, na su Ramones a New York da Sex Pistols a Landan, ya tashi a 1976 da 1977, ya kuma yi saurin lafawa. Sex Pistols sun watse a farkon 1978, kamfanoni suka tace abin da ya rage suka sa masa kwalliya don rediyo. 'Yan hadko su ne ƙannen da suka iso bayan an tashi daga biki, suka ce to mu za mu yi namu, kuma za mu yi shi yadda babu mai iya sayarwa. Shi ya sa saurin, shi ya sa gajartar, shi ya sa aka jefar da duk wani ado na gwanintar jita. Sun ma yar da kayan ƙawa na 'yan pank ɗin Landan, suka koma riga mai gajeren hannu da wandon jins da askin ƙwal-kwabo. A wurin wasa dandamalin gajere ne ko ma babu shi, mawaƙi na miƙa wa jama'a makirufo, masu kallo na hawa su diro kan 'yan'uwansu, ana rawar bangazar juna, wanda ya faɗi a ɗaga shi. Saƙon da ke cikin wannan tsari a fili yake: babu tauraro, babu 'yan kallo, duk wanda ke ɗakin yana cikin wasan. Wani faifai da ƙungiyar D.O.A. ta Bankuba a Kanada ta fitar a 1981 mai suna Hardcore 81 yana cikin abubuwan da suka tabbatar wa salon sunansa.

Bai kamata a wuce ba a ambaci Bad Brains ba, samari baƙaƙen fata na Washinton waɗanda suka fara da kiɗan jaz kafin su juya. A gwaninta babu kamarsu a wannan fage, kuma su ne su MacKaye suka kalla suka koya. Daga baya suka rungumi aƙidar Rasta suna gauraya hadko da rege. Fagen da fararen yara suka cika, baƙaƙe na cikin waɗanda suka aza harsashinsa.

A San Faransisko ne Najeriya ta shigo labarin ta wata hanya mai nauyi. Mawaƙin Dead Kennedys, ƙungiyar da aka kafa a 1978, sunansa na yanka Eric Boucher, amma duniya ta san shi da Jello Biafra. An haife shi a 1958, yana ɗan shekara goma lokacin da hotunan yaran da yunwa ta ƙanjame a yaƙin basasar 1967 zuwa 1970 suka cika mujallu da talabijin na Amurka. Ya ɗauki sunan Jell-O, wani kayan zaƙi na kanti da ba ya gina jiki, ya haɗa da Biyafara, don ya jera ƙoshin banza da yunwa ta gaske a wuri ɗaya. Ni dai sunan yana sosa min rai. Yaƙin da har yau akwai gidaje a kudu da arewa da ba su gama jimaminsa ba ya fi ƙarfin laƙabin dandamali. Duk da haka na gane abin da yake nunawa, kuma shi ne zuciyar lamarin: yaro yana cin abinci a gaban talabijin, ana nuna masa yaro kamarsa yana mutuwa, sannan a sako tallar sabulu, manya kuma babu wanda ya ajiye cokali. A 1979 ya tsaya takarar magajin garin San Faransisko ya samu ƙuri'a sama da 6,000. Daga cikin abubuwan da ya nema har da cewa mutanen unguwa su riƙa zaɓen 'yan sandan da ke sintiri a cikinsu.

A Birtaniya fushin ya fi ɗaukar kamannin rikicin talaka da mai mulki. Margaret Thatcher ta hau a 1979, marasa aiki suka haura miliyan uku a farkon 1982, a shekarar kuma aka yi yaƙin tsibiran Falkland. 'Yan ƙungiyar Discharge daga Stoke-on-Trent, garin masana'antun tangaran da ke durƙushewa, kusan duk waƙoƙinsu a kan yaƙi da bam ne. 'Yan ƙungiyar Crass kuwa suna zaune tare a wani gidan gona a Essex, suna buga faifansu da kansu, suna rubuta iyakar farashi a jikin kwalin don kada mai kanti ya tsauwala.

Wannan na rubuta farashi ya kai mu ga abin da a ganina ya fi ihun muhimmanci. Matasa masu fushi ba a rasa su a kowane zamani. Abin da ya bambanta waɗannan shi ne, da aka rufe musu ƙofa ba su tsaya bugawa ba, suka gina nasu ɗakin. Rediyo ba ta sa waƙarsu. Gidajen rawa ba sa barin ƙananan yara shiga saboda da giya suke cin riba. A Los Angeles 'yan sanda na tarwatsa wasannin Black Flag da kulake. A 1981 kamfanin MCA ya ƙi rarraba faifansu bayan wani babba a kamfanin ya saurara ya ce faifai ne na adawa da iyaye. Ginn ya riga ya mayar da 'yar sana'arsa ta sayar da kayan rediyo, SST, ta zama kamfanin faifai. A Washinton, MacKaye da Jeff Nelson suka ɗauki dala 600 da tsohuwar ƙungiyarsu Teen Idles ta tara, suka buga faifai 1,000 a ƙarshen 1980, suka zauna da almakashi da gam suna yanka kwalaye suna mannawa ɗaya bayan ɗaya. Haka Dischord, kamfanin faifansu, ta samu, kuma tana nan har yau. Ba ta rattaba hannu a kwantiragi da makaɗa. Magana ce ta baki, a raba riba.

Black Flag da D.O.A. suka shiga tsofaffin motoci suka yi ta ratsa Amurka, suna wasa a zauren tsofaffin sojoji, a ƙarƙashin ginin coci, a garejin wani, suna kwana a ƙasa a gidan duk wanda ya buɗe musu ƙofa. Lambobin wayar da suka tara suna miƙa wa ƙungiyar da ke biye. Yara suka riƙa rubuta 'yan mujallu da hannu ko tafireta su yi fotokwafi. Mafi shahara, Maximum Rocknroll, ta fara fita a 1982, kuma a cikinta yaro daga ƙaramin gari zai karanta rahoton abin da ake yi a Finlan ko Italiya ko Japan, ya ɗauki adireshi ya aika wasiƙa da kaset, a aiko masa da wani. Duk wannan kafin intanet. Taken nasu gajere ne: yi da kanka. Yaron da aka raina a makaranta sai ga shi yana shirya taro, yana lissafin kuɗin ƙofa, yana karɓar baƙi daga wata ƙasa. Abin da unguwarsu ta hana shi, wato jama'ar da ta san sunansa kuma take buƙatarsa, a nan ya same shi.

Wani abin lura shi ne inda wasiƙun suka kai. Matasan São Paulo a ƙarƙashin mulkin sojan Burazil sun ɗauki wannan kiɗa. Na Folan da Jamus ta Gabas, a ƙarƙashin kwaminisanci, su ma sun ɗauka, 'yan sandan ciki na bin sawunsu. Da a ce jari-hujja kaɗai ake wa ihu, da bai yi ma'ana a bayan katangar Balin ba. Abin da ya haɗa su shi ne rayuwa a cikin tsari mai girma wanda ya riga ya zana wa mutum hanyarsa tun daga makaranta har kabari, ba tare da ya tambaye shi ba, kuma manyan da ke tafiyar da shi su kansu ba su gaskata abin da suke faɗa ba.

Waƙar nan mai daƙiƙa 46 sunanta Straight Edge, kuma ta haifi abin da mai yi wa Yamma kallon mashaya ba zai zata ba. MacKaye yana cewa ne shi ba ya shan giya, ba ya shan ƙwaya, domin yana son hankalinsa ya zauna a jikinsa. A wata waƙar ya ƙara da neman mata na holewa. A 1980, da Teen Idles suka je wasa San Faransisko, mai gidan rawar ya zana musu alamar X a bayan hannu don kada a sayar musu da giya tunda shekarunsu ba su kai ba. Suka dawo gida da dabarar, suka roƙi gidajen rawar Washinton su bar yara su shiga da wannan alama. Ba a jima ba waɗanda shekarunsu suka kai ma suka fara zana ta da kansu don alfahari. A al'ummar da maye ya zama shi ne shaidar girma kuma shi ne shaidar tawaye, yaran nan sun gano cewa kamfanin giya da na taba ba sa tsoron ɗan tawayen da ke sayen kayansu. Ƙin sha ya zama nasu tawayen. Ban san wani abu a tarihin kiɗan matasan Yamma da ya fi wannan nuna cewa kukan nasu na neman tsarki ne da iyaka ba.

Sai dai mai neman iyaka da babu wanda ya shimfiɗa masa ita yakan zana ta da kansa, kuma sau da yawa yakan wuce gona da iri. MacKaye ya sha faɗin cewa shi halinsa ya bayyana, bai kafa ƙungiya ba. Amma a Boston wasu suka riƙa kaɓe kofin giya daga hannun mutane. A shekarun 1990 aka ƙara haramta nama da duk abin da ya fito daga dabba, kuma a Salt Lake City abin ya kai ga duka da kisa har 'yan sanda suka sa wasunsu a jerin 'yan daba. Wasu suka gane cewa abin da suke nema ya fi ƙarfin kiɗa: Ray Cappo, mawaƙin ƙungiyar Youth of Today, ya shiga ɗariƙar Hindu ta Hare Krishna, wasu suka koma coci, wasu ƙalilan suka musulunta.

Fagen yana da wasu cututtukan. Rawar bangaza ta zama mafakar ƙarti masu neman faɗa, 'yan mata da suka kasance a gaba a zamanin pank na farko aka tura su bango suna riƙe wa samari riguna. 'Yan wariyar launin fata masu aske kai suka riƙa kutsowa, har Dead Kennedys suka yi waƙa ta musamman a 1981 suna korarsu. Ko 'yan'uwantakar kuɗi ba ta tsira ba: makaɗa da dama sun yi ƙorafin haƙƙinsu a SST, kuma tsofaffin abokan Biafra sun kai shi kotu a 1998 a kan kuɗin faifai, suka yi nasara. Abin yabo shi ne gyaran yakan fito daga ciki. A bazarar 1985 'yan Washinton suka yi yunƙurin raba fagen da 'yan dambe, suka riƙa zuwa ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu suna buga ganguna don adawa da mulkin wariya. A farkon shekarun 1990 'yan mata a Olympia, da su Bikini Kill a gaba, suka kafa nasu reshen suna kiran mata su matso gaban dandamali.

Ta fuskar siyasa kuwa, gaskiya ɗaya ce: ba su kayar da kowa ba. An yi wasannin adawa da Reagan a 1983 da 1984, ya ci jihohi 49 cikin 50, kuma yawancin matasan da suka jefa ƙuri'a shi suka zaɓa. Thatcher ta ci zaɓe sau uku. 'Yan hadko tsiraru ne ko a cikin sa'o'insu. Sun fi gwanancewa a faɗin abin da ba sa so, kuma tsoron kada a saye su ya sa duk wanda ya yi girma ana zarginsa da cin amana, don haka fagen yakan cinye 'ya'yansa. Black Flag da Dead Kennedys duk sun watse a 1986.

Kasuwar da suka guda kuwa ta biyo su har gida. Hanyoyin da suka share da tsofaffin motoci su ne ƙungiyar Nirvana ta bi kafin ta shahara a 1991. Green Day sun tashi ne a wani zaure a Berkeley da ake kira 924 Gilman, wanda aka buɗe a ƙarshen 1986, 'yan sa-kai ke tafiyar da shi, an hana giya da ƙwaya da faɗa da wariya, an kuma hana makaɗan manyan kamfanoni. Da suka ƙulla da reshen babban kamfanin nan Warner, faifansu na 1994 ya sayar da sama da miliyan goma, zauren ya rufe musu ƙofa bisa dokarsa. A ɗaya gefen ga Fugazi, ƙungiyar da MacKaye ya kafa a 1987, wadda ta shekara goma sha biyar tana wasa a kan dala biyar ko kusa da haka, kowane yaro na iya shiga, ba sa sayar da riguna, ba sa hira da mujallar da ke tallar giya da taba, kuma idan wani ya fara bangazar mutane sai su tsayar da kiɗa su mayar masa da kuɗinsa ya fita. Manyan kamfanoni sun yi ta zawarcinsu suka ƙi. Sun nuna ana iya yi, amma kaɗan ne suka iya bin sawunsu.

Dalilan fushin ba su gushe ba, sun ma ƙaru: bashin karatun jami'a, hayar da ta fi ƙarfin albashi, kaɗaicin da waya ta zurfafa. Shi ya sa hadko ya sake tashi a 'yan shekarun nan, har ƙungiyar Turnstile ta Baltimore ta shiga takarar Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka. Amma yanayin ya canja ta inda ya fi muhimmanci. Yaron yau ba ya buƙatar almakashi da gam; yana ɗora waƙarsa a Spotify da YouTube da Instagram, kamfanonin da suka ninka MCA girma, kuma su ke yanke wanda zai ji shi. Ɗakunan haɗuwa kuma suna ƙarewa. Gidan rawar CBGB na New York, inda ake wasan hadko na ranar Lahadi da rana don yara su samu zuwa, ya rufe a 2006 bayan rikicin haya, wurin ya koma kantin tufafi masu tsada. Maximum Rocknroll ta daina fita a takarda a 2019. Gilman ya sha fama da barazanar ƙarin haya yayin da unguwar ke cika da masu kuɗi, kuma abin da ke riƙe da shi har yanzu shi ne kuɗin ƙofa, gudummawa, da matasan da ke zuwa su tsare ƙofa su share zauren ba tare da an biya su ba.